Tambayoyin Masu Karatu: Zum Mai Nisa ko Tsayayyen Gilashi Mai Faɗin Ƙofa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, tambayata a kan ɗaukar hoton wasanni ce. Kyamarata mai ƙaramar sensa ce, irin ta APS-C, mai megafiksel 24, kuma ina aiki da gilashin zum na 70-300mm, wanda ƙofar haskensa ke farawa daga f/4.5 ta tsuke zuwa f/6.3 idan na janyo shi har ƙarshe. Da rana a filin ƙwallon ƙafa hotunana suna fitowa ba laifi, amma da zarar rana ta faɗi aka kunna fitilu, ko kuma na shiga zauren ƙwallon kwando, sai su fito dishi-dishi, hannaye da ƙafafun 'yan wasa duk sun shafe. Kuɗin da na tara ba zai wuce na gilashi ɗaya ba, kuma abokan sana'a sun raba mini hankali: wani ya ce in sayi zum na 150-600mm, wani ya ce 70-200mm f/2.8, wani kuma ya ce zum duk ɓata kuɗi ne, in nemi tsayayyen gilashi marar zum, kamar 85mm f/1.8 ko 300mm, domin da irinsu ƙwararru suke aiki. Wanne zan saya? Na gode.

Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, mun gode da wannan tambaya, musamman da yake ka bayyana irin kyamarar da ke hannunka da wuraren da kake aiki, domin ba tare da sanin waɗannan biyun ba duk shawarar da za a ba ka zato ce kawai. Ra'ayina shi ne ka sayi 70-200mm f/2.8, ko da wanda aka riga aka yi amfani da shi ne, ka riƙe tsohon gilashinka saboda wasannin rana, sannan idan ɗan canji ya rage ka ƙara da ƙaramin tsayayyen gilashi na 50mm f/1.8 domin zaure. Zan bayyana dalilai, tare da yanayin da wannan shawara za ta daina aiki.

Abin da ke lalata maka hotuna, bisa ga bayaninka, ƙarancin haske ne. Ba ka yi kukan cewa 'yan wasa suna fitowa ƙanana ba, kukanka shi ne suna fitowa a shafe, kuma wannan alama ce ta cewa shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a cikin kyamara lokacin ɗaukar hoto, tana daɗewa a buɗe fiye da yadda motsin wasa zai iya jurewa. Ɗan wasan da ke gudun mita 8 a daƙiƙa yana matsawa santimita 4 a cikin 1/200 na daƙiƙa, alhali a cikin 1/1000 milimita 8 kawai yake matsawa. Ƙwallon da aka buga da gudun kilomita 100 a awa kuwa tana cin kimanin santimita 14 a cikin 1/200, wato fiye da rabin faɗinta, shi ya sa take fitowa kamar an ja ta da yatsa. Saboda haka ne masu ɗaukar hoton ƙwallo suke fara lissafinsu daga 1/1000, su sauka zuwa 1/500 kawai idan ya zama dole, su hau zuwa 1/2000 idan haske ya wadata.

To, wannan sauri ba a samunsa sai da haske mai yawa, kuma hasken ta ƙofar gilashi yake shiga. Lambobin da ke biye da harafin f suna tafiya ne a jere kamar haka: 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, kuma duk matakin da aka hau hasken da ke isa sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, yana raguwa da rabi. Daga f/2.8 zuwa f/5.6 matakai biyu ne, wato haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, zuwa f/6.3 kuwa ya koma kusan kashi ɗaya cikin biyar. Mu ɗauka kana bakin fili da daddare, ka janyo gilashinka zuwa ƙarshe, ka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske idan wuri ya yi duhu, zuwa 6400, amma kyamara ba ta ba ka fiye da 1/200 ba. Idan ka cire shi ka ɗaura mai f/2.8 a daidai wannan wuri, ƙarƙashin fitilun nan dai, ba tare da ka taɓa ISO ba, za ka samu 1/1000. Wannan shi ne ainihin abin da kuɗinka zai saya, kuma babu wata manhajar gyaran hoto da za ta mayar maka da ƙafar da ta riga ta shafe, alhali ɗige-ɗigen da ISO mai yawa ke haifarwa manhajojin yanzu suna rage shi sosai.

Da wannan lissafi kaɗai za ka ga cewa shawarar 150-600mm ba ta dace da matsalarka ba. Irin waɗannan gilasai, kamar na kamfanonin Sigma da Tamron, suna farawa daga f/5 su ƙare a f/6.3, wato ba su ƙara maka wani haske na a zo a gani a kan abin da kake da shi. Gilasai ne masu amfani da rana tsaka, a wasannin da ake nesa da 'yan wasa ƙwarai, kamar kurket ko tseren dawakai ko na motoci, amma da daddare za ka koma gida da irin hotunan da ka yi kuka da su, sai dai ka ƙara wa kafaɗarka nauyin kimanin kilo 2. Bugu da ƙari, a kan kyamara irin taka 150mm ya riga ya yi tsawo, ta yadda idan wasa ya matso kusa da kai ba ka da inda za ka ja da baya.

Saura zaɓi biyu, kuma a nan ne nisa yake shiga maganar. Sensar APS-C ta fi cikakkiyar sensa mai milimita 36 da 24 ƙanƙanta, don haka tana yanke gefunan hoto, har gilashi ya yi kamar an ninka tsawonsa sau 1.5 a kyamarorin Nikon da Sony da Fujifilm, ko sau 1.6 a na Canon. Wato 70-200mm a hannunka yana ganin abin da 105-300mm zai gani a babbar kyamara, kuma ƙofarsa tana nan a f/2.8 daga farko har ƙarshe, ba ta tsukewa idan ka janyo. Filin ƙwallon ƙafa na manyan gasa tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68. Idan ka zauna a bayan layin raga, kusa da kusurwa, tsakiyar fili tana nisan mita 50 da 'yan kai daga gare ka, kuma a 200mm hotonka zai ɗauki tsayin kusan mita 4 a wannan nisa, wato ɗan wasa zai cika kusan rabin tsayin hoton. Wannan ya isa aiki, musamman da yake kana da megafiksel 24 da za ka ɗan yanke. Idan kuma ɗan wasan gaba ya kutsa cikin yadi na sha takwas, ya zo nisan mita 10 daga inda kake, sai ka murɗa zuwa 70mm, hoton ya ɗauki tsayin mita 2 da ɗoriya, mutum ya shiga daga kai har ƙafa tare da ƙwallonsa.

Yanzu ka kwatanta wannan da tsayayyen 300mm a kan kyamara ɗaya tilo. Yana kyau matuƙa muddin wasa yana tsakiyar fili: 'yan wasa biyu sun yi tsalle suna takarar ƙwallo da ka, bayansu ya narke, 'yan kallo sun zama launi kawai. Amma a nisan mita 15 tsayin da yake ɗauka bai kai mita ɗaya ba. Mai tsaron gida ya yi tsalle, ƙwallo ta wuce yatsunsa ta shiga raga, wanda ya zura ta ya nufo kusurwar da kake zaune hannayensa a buɗe, abokansa na bin sa a guje, kai kuma abin da ke cikin idon kyamararka shi ne lambar rigarsa da rabin haɓarsa. Hotunan da edita da mai ƙungiya da iyayen yaro suke nema su ne na zura ƙwallo da murnar da ke biyo baya, kuma galibi a kusa da raga suke faruwa, a inda dogon tsayayyen gilashi ba shi da abin yi. Ba kuma za ka iya tashi ka ja da baya ba, domin a yawancin wasanni an keɓe wa masu hoto wurin zama, kuma ko da ba a keɓe ba, wasan ya fi ƙafarka sauri.

Abokinka da ya ce ƙwararru da tsayayyun gilasai suke aiki bai yi ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya faɗa. Ka lura da masu hoton da ke zaune a bayan allunan talla a manyan wasanni: babban gilashin da ke kan sanda mai ƙafa ɗaya yawanci 400mm f/2.8 ne, amma a kafaɗarsu akwai kyamara ta biyu ɗauke da 70-200mm f/2.8, wani lokaci har da ta uku mai faɗin gani. Idan wasa ya matso, sai su jingine babban a kafaɗa su ɗaga ƙaramin cikin ƙiftawar ido. Wato su ma ba su yarda su dogara da tsayayyen gilashi shi kaɗai ba, kuma gilashin da ba ya barin jikinsu shi ne wanda nake ba ka shawarar saye. Shi kuwa 400mm f/2.8 tsadarsa da nauyinsa suna da dalili na zahiri: idan aka raba 400 da 2.8 za a samu kusan milimita 143, kuma faɗin gilashin gabansa ba zai gaza haka ba, alhali na 200mm f/2.8 milimita 71 kawai yake buƙata. Samfurin da Canon ya fitar a 1999 ya haura kilo 5, kuma ko sababbin da Canon da Sony suka fitar a 2018, bayan duk ƙoƙarin rage nauyi, suna gab da kilo 3. Shi 70-200mm f/2.8 nauyinsa galibi yana tsakanin kilo 1 da kilo 1.5, abin da mutum zai iya riƙewa a hannu har a tashi wasa.

Akwai kuma tsohuwar magana cewa tsayayyen gilashi ya fi zum fitar da hoto tangaran. A da bambancin a bayyane yake, kuma har yanzu gaskiya ne idan ana maganar zum masu araha, waɗanda suke laushi a ƙarshen tsawonsu. Amma a tsakanin zum na ƙwararru da tsayayyun gilasai tazarar ta ragu har ta kai ba ta cika bayyana a shafin jarida ko fuskar waya ba, kuma a hoton wasanni kuskuren fokas da motsi suna lalata hotuna fiye da yadda ingancin gilashi ke lalatawa. Kamfanonin ma da kansu sun karkata ga haɗa abubuwan biyu: Sigma ya daɗe yana ƙera 120-300mm f/2.8, Nikon ya fitar da nasa a 2020, Canon kuma ya fitar da 100-300mm f/2.8 a 2023. Ban kawo su don ka saya ba, domin tsada da nauyi sun fitar da su daga lissafin mai neman gilashi ɗaya, na kawo su ne don ka ga inda masu sana'ar suka dosa.

Inda tsayayyen gilashi yake da rinjaye na haƙiƙa shi ne zaure. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne da 15, na ƙwallon raga mita 18 da 9, dandalin dambe kuwa bai wuce 'yan mitoci ba, don haka nisa ba ya sauyawa sosai, amma hasken zaurukan makarantu da ƙananan ƙungiyoyi yakan yi rauni har f/2.8 ma ya gaza. Ƙofar f/1.8 tana shigar da haske kusan ninki biyu da rabi na f/2.8, kuma fiye da ninki shida na f/4.5 da gilashinka na yanzu yake farawa da shi. A wurin da zum mai f/2.8 yake buƙatar ISO 6400, mai f/1.8 zai yi aikin da kimanin 2500, kuma a ƙaramar sensa wannan bambanci ana ganinsa a fatar 'yan wasa da cikin inuwa. Sai dai a kan kyamararka 85mm ya yi tsawo ga wanda ke zaune a ƙarƙashin kwando: a nisan mita 5, ko ka juya kyamarar a tsaye, tsayin da za ka ɗauka bai kai mita ɗaya da rabi ba, alhali bakin kwandon yana mita 3.05 daga ƙasa. Da 50mm za ka samu kusan mita biyu da rabi a wannan nisa, ka ɗauki ɗan wasa a sama da ƙwallo a hannunsa. Shi 85mm wurinsa kusurwar fili ne ko gefe, inda wasa yake nisan mita 10 ko fiye.

Faɗin ƙofa kuma yana zuwa da nasa haraji, wanda masu yabon f/1.8 da f/1.4 ba su cika ambata ba. Duk lokacin da ƙofa ta buɗe, zurfin wurin da ke fitowa sarai yana raguwa, ta yadda a nisan 'yan mitoci abin da ke cikin fokas bai fi tsawon hannu ba. Idan mai tsaron baya ya miƙo hannu ta gabanka, kyamara ta kama gwiwar hannunsa, fuskar mai jefa ƙwallo ta tafi ke nan. Haka kuma ba kowane gilashi mai faɗin ƙofa ne yake da saurin fokas ba, domin da yawa daga cikinsu don hoton mutum a tsaye aka ƙera su. Sanannen misali shi ne tsohon 85mm f/1.2 na Canon, wanda hotonsa abin sha'awa ne amma motar fokas ɗinsa ba ta da sauri, har ƙaninsa mai f/1.8, wanda ya fi shi araha nesa ba kusa ba, ya fi shi dacewa da wasanni. Saboda haka kafin ka biya kuɗin kowane gilashi, ka ɗaura shi a kan kyamararka, ka sa wani ya rugo da gudu ya nufo ka daga nisan mita 20, ka ɗauki hotuna a jere, sannan ka ƙirga nawa ne suka fito sarai a ido.

Idan da ka ce mini aikinka kusan duka a zaure yake, da na juya shawarar, na ce ka sayi 50mm da 85mm masu f/1.8 gaba ɗaya, domin su biyun a haɗe ba su kai kuɗin zum ɗin ba. Idan da kuma ka ce da rana kawai kake aiki kuma kukanka nisa ne, da na tura ka ga 100-400mm ko 150-600mm. Amma ka haɗa fili da zaure, rana da dare, da kyamara ɗaya, kuma taura biyu ba ta taunuwa, don haka dole a zaɓi gilashin da zai rasa mafi ƙarancin hotuna a duk wuraren. Akwai hanya mai sauƙi da za ka gwada maganata: kowane hoton da ka ɗauka yana adana tsawon gilashi da saurin shota da ISO a cikin bayanansa. Ka buɗe hotunan wasanninka na baya, ka ware waɗanda ka fi so, ka duba a wane tsawo ka ɗauke su. Idan mafi yawansu suna ƙasa da 200mm, ba ka yi asarar komai ba da sayen 70-200mm. Idan kuwa kusan duka a 300mm suke kuma har kana yankewa, to ka duba tsayayyen 300mm f/4 na hannu, wanda ya fi gilashinka haske da ninki biyu da rabi, ko kuma ka sauya wurin zamanka ka daina bin wasan da ke can ɗaya ɓangaren fili, ka jira shi ya zo maka.

Tambaya: Malam, gilashina yana da na'urar hana girgiza, kuma mai sayarwa ya ce da ita zan iya ɗaukar hoto a cikin duhu. Me ya sa har yanzu 'yan wasa suke fitowa a shafe?

Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, na'urar tana gyara rawar hannunki ne kawai, ba ta da iko a kan motsin wanda kike ɗauka. Za ta ba ki damar ɗaukar allon maki ko kocin da ke tsaye a 1/60 ba tare da hoton ya girgiza ba, amma mai gudu zai shafe a wannan sauri ko da an kafe kyamarar a jikin bango. A 1/1000 kuwa rawar hannu ba ta cika tasiri ba, sai dai na'urar tana taimakawa wajen daidaita abin da kike gani a idon kyamara yayin da kike bin ɗan wasa da dogon gilashi. Don haka idan kuɗi ya tilasta zaɓi tsakanin gilashi mai f/4 da hana girgiza da mai f/2.8 marar ita, a hoton wasanni na biyun ya fi amfani. Idan kuma kin lura cewa a jerin hotunan da kika ɗauka a zaure wani ya yi haske wani ya yi duhu, ko launinsu ya bambanta, wannan ba laifin gilashi ba ne: wasu fitilun suna ƙyaftawa sau 100 ko 120 a daƙiƙa, gwargwadon wutar lantarkin ƙasar, kuma kyamarori da yawa suna da saitin da ke jinkirta shota kaɗan ta faɗa daidai lokacin da fitila take kan ƙarfinta.

Tambaya: Shin ɗan ƙaramin gilashin nan da ake sakawa tsakanin kyamara da babban gilashi don ninka tsawo zai iya mayar da 70-200mm ya zama kamar 400mm?

Daga wani ɗalibi.

Amsa: Zai iya ta fuskar tsawo, amma da haske ake biya. Mai ninki 1.4 yana cin mataki ɗaya, ya mayar da 200mm f/2.8 zuwa 280mm f/4, mai ninki 2 kuma yana cin matakai biyu, ya ba ka 400mm f/5.6, tare da ɗan raguwar kaifin hoto da saurin fokas. Na farkon abu ne mai kyau a ajiye a jaka saboda wasannin rana, a cire shi idan an kunna fitilu. Na biyun ba na ba da shawararsa ga wasannin dare, domin yana mayar da kai kusan inda zum mai araha yake. Ka kuma tabbatar kafin saye cewa gilashinka yana karɓarsa, domin ba kowane gilashi aka ƙera don a ɗaura masa ba, kuma wasu idan aka tilasta, gilashin bayansu yana iya gogar na maninkin.